Allurar sakin tsoka kafin a sa wa yaro bututun numfashi: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan daga ɓangare biyu suke zuwa. Wasu na iyaye ne, irin waɗanda ake yi a ƙofar ɗakin tiyata a Wad Madani ko Sinnar ko Gadarif a ƙasar Sudan bayan an miƙa wa uba takardar yarda ya sa hannu. Wasu kuma na 'ya'yanmu ne masu koyon aikin allurar barci. Adadin magani da aka ambata na masu koyon aikin ne kawai. Kowace ɗaya daga cikin alluran nan tana tsayar da numfashi ɗungurungum, don haka wanda bai iya hura wa yaro iska da hannunsa ba, ba shi da hurumin taɓa su.

Likita, yaro ya riga ya yi barci, me zai sa a ƙara masa wata allura?

Barci daban, sakin jiki daban. A babbar tiyata ana zura bututu ta baki, ya ratsa tsakanin igiyoyin murya biyu, ya shiga hanyar iska, domin a riƙa shaƙa wa yaro iska kuma a hana amai ko jini gangarawa huhu. To, maƙogwaro a halittarsa rufewa yake yi da zarar wani abu ya taɓa shi, shi ya sa mutum ke ƙwarewa idan ruwa ya ɓace hanya. Wannan ɗabi'a ba ta gushewa da barci marar nisa, kuma ta yara ta fi ta manya kaifi. Allurar sakin tsoka tana yanke saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, sai muƙamuƙi ya saki, igiyoyin murya su buɗe, bututu ya wuce ba tare da kokawa ba.

Kafin 1942 sai dai a nutsar da majinyaci cikin barci mai nisan gaske kafin jikinsa ya saki, abin da kan danne zuciya da numfashi. A Janairun shekarar ne Harold Griffith da Enid Johnson suka gwada kurare a birnin Montiriyal na Kanada, wato dafin da mafarautan Kudancin Amurka ke shafa wa kibau. Daga nan aka faro.

Ita ma tana kashe zafi?

A'a, ko kaɗan. Ba ta sa barci, ba ta rage zafi. Yaron da aka saki tsokarsa amma barcinsa ya yi sama-sama zai ji komai, ba kuma zai iya motsi ko kuka ba. Shi ya sa mai allurar barci ba ya ɗauke ido daga bugun zuciya da hawan jini da gumi da hawaye, domin su ne kaɗai bakin yaron a lokacin.

Iri nawa ne, kuma mene ne bambancinsu?

Gida biyu ne. Gida na farko mutum ɗaya ne a cikinsa: suksametoniyam, wanda ma'aikata suka fi kira Scoline, an fara amfani da shi a farkon shekarun 1950. Shi yakan fara tayar da tsoka ne, ta yi ɗan makyarkyata, sannan ta mutu na ɗan lokaci. Yana kamawa cikin daƙiƙa 30 zuwa 60, ya sake cikin minti biyar zuwa goma, domin akwai sinadari a jini da hanta ke yi wanda ke farfasa shi nan take.

Gida na biyu su ne masu toshe wurin da saƙon jijiya ke sauka ba tare da sun tayar da tsoka ba: rokuroniyam, bekuroniyam, fankuroniyam, atrakuriyam, sisatrakuriyam. Sun fi jinkirin kamawa, sun fi daɗewa, kuma akwai alluran karya su idan an gama aiki.

An ce Scoline na da haɗari ga yara. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ya kamata a san haɗarin dalla-dalla maimakon a tsaya a jita-jita.

Babbansu shi ne na potasiyam. Duk wanda aka yi wa Scoline, potasiyam ɗin jininsa yakan ɗan hau da kamar milimol 0.5 a kowace lita, abin da lafiyayye ba ya ma ji. Amma akwai yara maza masu ciwon lalacewar tsoka na gado, musamman irin na Duchenne, wanda ke samun kamar ɗaya cikin jarirai maza 3,500 zuwa 5,000. Ciwon ba ya bayyana sosai sai yaro ya kai shekara uku zuwa biyar, don haka ana iya kawo shi tiyatar gwaiwa ana ganin lafiyarsa ƙalau. In aka yi masa Scoline, tsokarsa ta farfashe, potasiyam ya malalo cikin jini, zuciya ta tsaya cikin 'yan mintoci. Irin wannan mace-macen ne suka sa hukumar magunguna ta Amurka a shekarun 1990 ta sa gargaɗi mai kauri a kwalin maganin, cewa ga yara a bar shi don gaggawa kawai. Yawancin waɗanda abin ya faɗa wa maza ne 'yan ƙasa da shekara takwas. Ga ɗalibai: idan zuciyar yaro ta tsaya jim kaɗan bayan Scoline kuma iska na shiga huhunsa, a ɗauka potasiyam ne har sai an tabbatar da akasin haka. A ba da kalsiyam ta jijiya, da bikabonet, da insulin haɗe da gulukos, kuma kada a gaji da danna ƙirji, domin irin wannan zuciyar takan dawo ko bayan dogon lokaci.

Haka potasiyam ke yi wa yaron da wuta ta ƙona. A yinin farko babu laifi, amma daga awa 24 zuwa 48 bayan ƙunar an rufe ƙofar Scoline har sai ciwon ya warke sarai, wani lokaci fiye da shekara. Haka wanda gini ya danne, da wanda ya ji rauni a laka, da wanda ya shafe makonni kwance ba motsi.

Na biyu shi ne mugun zazzaɓin nan na gado da ke tashi a kan teburin tiyata. Wani likita a Melbon ta Ostireliya, Michael Denborough, ya bayyana shi a 1960 bayan ya bi tarihin wani dangi da mutum goma suka mutu a cikinsu sakamakon iskar barci. Scoline na tayar da shi, haka iskar halotan da aisofuluren da sebofuluren. Zafin jiki a makare yake zuwa. Abin da ke fara nunawa shi ne hauhawar iskar kabon a numfashin da ke fita, da gudun zuciya, da sandarewar jiki. Maganinsa dantirolin, miligiram 2.5 a kowane kilo da farko, ana maimaitawa. Asibitocinmu da yawa ba su ajiye shi, wannan kaɗai ya isa dalilin taka-tsantsan. Wani lokaci kuma muƙamuƙin yaro ne ke ƙagewa bayan Scoline har a kasa buɗe baki, an fi ganin haka idan an haɗa shi da halotan, kuma yana iya zama sallamar wancan zazzaɓin.

Na uku, jinkirin bugun zuciya, musamman ga jarirai da kuma idan aka maimaita allurar. Saboda haka atrofin, miligiram 0.02 a kilo, a sirinji yake zama kafin a fara.

To me ya hana a watsar da shi gaba ɗaya?

Domin akwai ranar da babu mai maye gurbinsa. Maƙogwaron yaro yakan ƙulle farat ɗaya, a farkon barci ko wajen farkawa, iska ba shiga ba fita, leɓe ya fara yin shuɗi. Idan tura iska da ƙara allurar barci ta furofofol ba su buɗe shi ba, ɗan Scoline kaɗan ta jijiya yakan buɗe shi cikin daƙiƙoƙi. Idan kuma babu kanula a hannu, wanda ke faruwa sau da yawa ga yaron da aka sa barci da iska, ana iya caka masa a tsoka, miligiram 4 a kilo. A ganina ɗakin tiyatar yara da babu Scoline da atrofin a shirye bai cika ɗakin tiyata ba, ko da kuwa za a shekara ba a taɓa su ba.

Yaro ya zo da ciki cike, tiyatar gaggawa ce. Scoline ko rokuroniyam?

Nan ne muhawarar take. Yaro mai afendis, ko mai toshewar hanji, ko wanda wanzami ya cire wa beli jini ya ƙi tsayawa har ya haɗiyi mai yawa, duk cikinsu cike yake ko da sun yini ba su ci komai ba. Abin tsoro shi ne amai ya taso tsakanin barci da shigar bututu, don haka ana son a gajarta wannan tazara.

Rokuroniyam, wanda ya shigo a 1994, idan aka ba da shi miligiram 1.2 a kilo yakan kama cikin kamar minti ɗaya, kusan daidai da Scoline, kuma ba ya taɓa potasiyam, ba ya tayar da zazzaɓin gado. Kowane allazi da nasa amanu: wannan adadin yakan riƙe yaro awa guda ko fiye. Idan akwai sugamadeks, miligiram 16 a kilo na karya shi cikin kamar minti uku. Idan babu, sai a zauna a hura iska har ya saki da kansa.

Saboda haka ɗakin ma yana da ta cewa. Inda akwai na'urar numfashi da isasshiyar oksijin da wuta tsayayyiya, rokuroniyam ya fi kwanciyar hankali, musamman ga ƙaramin yaro namiji da ba a san tarihinsa ba. Inda silinda ɗaya ce ta oksijin, tiyatar kuma ta minti ashirin ce, yaron kuma babu ƙuna, babu raunin tsoka, babu mugun tarihi a dangi, Scoline da atrofin zaɓi ne da babu mai zargin wanda ya yi shi.

Akwai wata fahimta da ɗalibai ke zuwa da ita wadda ya kamata a gyara. Suna cewa Scoline ya fi aminci domin in an kasa sa bututu zai sake, yaro ya ci gaba da numfashi. Jariri yana cin oksijin mililita 6 zuwa 8 a kowane kilo a minti, ninki biyu na babba, ajiyar iskar huhunsa kuma ƙarama ce. Zai yi shuɗi tun kafin Scoline ya fara tunanin sakinsa. Shi ya sa ga yara ake ci gaba da hura iska a hankali da marufin fuska yayin jiran allura ta kama, saɓanin yadda aka saba koyarwa game da manya.

In tiyatar da aka shirya ce fa, ba gaggawa?

A nan babu dalilin Scoline. Atrakuriyam, miligiram 0.5 a kilo, shi ne abokin aikin da yawancinmu suka saba da shi. Yana kamawa cikin minti biyu zuwa uku, ya yi kamar rabin awa, kuma yana rushewa da kansa a cikin jini saboda ɗumin jiki, bai jira hanta ko ƙoda ba. Don haka shi ake nema wa jariri sabon haihuwa da yaro mai ciwon ƙoda ko hanta. Aibinsa, yakan sa fata ta yi ja, jini ya ɗan sauka, wani lokaci ƙirji ya matse, musamman in an tura shi da sauri. Ga mai asma sai a yi hankali. Sisatrakuriyam, miligiram 0.15 a kilo, ya tsira daga wannan aibin, sai dai tsada da jinkiri.

Rokuroniyam a adadinsa na yau da kullum, 0.6 a kilo, yana yin minti 30 zuwa 40, hanta ce ke fitar da yawancinsa. Bekuroniyam, 0.1 a kilo, ba ya damun zuciya. Fankuroniyam tsoho ne mai araha, yana ƙara gudun zuciya, yana daɗewa fiye da awa, ƙoda ce ke fitar da shi. Ga doguwar tiyata da za a ci gaba da na'urar numfashi bayanta yana da amfani. Ga aikin rabin awa wahala kawai zai jawo.

Adadin jariri shi ne na babba a rage?

A'a. Jikin jariri ruwa ya fi yawa, magani yakan bazu ya tsinke, shi ya sa Scoline ɗinsa miligiram 2 zuwa 3 ne a kilo alhali babba 1 zuwa 1.5 ya ishe shi. Ga gida na biyu kuma, mahaɗar jijiya da tsokar jariri ba ta gama ƙwari ba, hantarsa ma haka, sai rokuroniyam da bekuroniyam su daɗe a jikinsa fiye da yadda littafi ya ce game da manya. Bekuroniyam ga ɗan ƙasa da shekara ɗaya a ɗauke shi mai dogon zango. Yara 'yan shekara biyu zuwa goma kuwa su ne suka fi kowa saurin warwarewa. A auna yaro a kan sikeli. Ƙiyasi da ido yakan yaudari mutum, musamman a kan yaro mai tamowa.

Wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, firiji ya huce. Alluran na nan da ƙarfinsu?

Tambayar da ta fi damun ma'aikata ke nan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Scoline da atrakuriyam da sisatrakuriyam da rokuroniyam duk a sanyin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su. Atrakuriyam ya fi kowa rauni, tunda ɗumi ne ke rusa shi a jiki, ɗumin ne kuma ke rusa shi a kwalba: a digiri 25 yana asarar kamar kashi 5 cikin 100 na ƙarfinsa kowane wata, kuma masu yin sa sun ba shi kwana 14 ne kawai a wajen firiji. Zafin Afrilu da Mayu a Jazira da Gadarif yana haura digiri 40, lissafin digiri 25 ma bai yi aiki ba. Rokuroniyam ya fi juriya, yana yin makonni bisa abin da aka rubuta a takardar kwalinsa. Bekuroniyam garin hoda ne da ake damawa a lokacin aiki, bai buƙatar firiji, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Asibitin karkara da ke fama da wuta ya kamata ya nemi shi. A riƙa rubuta ranar da kwalba ta fita daga sanyi a jikinta. Allurar da ta raunana takan bar igiyoyin murya rabi a buɗe, kuma a nan ne ake jin ciwo wajen sa bututu.

Yaya ake sanin maganin ya saki yaron?

Hanya mafi inganci ita ce ƙaramar na'ura da ake liƙa wa wuyan hannu, ta aika wa jijiya wuta sau huɗu a jere, a duba motsin babban yatsa. Sai motsi na huɗu ya kai kashi 90 cikin 100 na na farko kafin a cire bututu. Inda babu na'urar ana duba numfashi mai zurfi a jere, tari mai ƙarfi, jariri kuma ya naɗe ƙafafunsa ya ɗaga su. Waɗannan alamu na taimakawa, amma yaro na iya nuna su da sauran rauni a maƙogwaronsa.

Niyostigmin, miligiram 0.05 a kilo tare da atrofin, shi ne mai karya gida na biyu duka, amma sai tsoka ta fara motsi da kanta. Ba ya fito da yaro daga saki mai zurfi, kuma yana ɗaukar har minti goma. Sugamadeks, wanda Turai ta amince da shi a 2008, Amurka a 2015, yana haɗiye rokuroniyam da bekuroniyam ne kawai. Ba ya yi wa atrakuriyam ko Scoline komai.

Ana iya sa bututu ba tare da wannan allura ba?

Ana iyawa, da sebofuluren mai nisa ko furofofol haɗe da maganin zafi mai ƙarfi, kuma an daɗe ana yi wa yara haka. Farashinsa saukar jini da yawan tari da ƙullewar maƙogwaro. Ƙa'idojin da likitocin allurar barci na Turai suka fitar a 2024 game da jarirai sun ba da shawarar a yi amfani da allurar sakin tsoka muddin ba a buƙatar yaron ya ci gaba da numfashi da kansa.

Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne abin lura. Yaron da ƙari ya danne masa hanyar iska a ƙirji, ko wanda maƙogwaronsa ya kumbura har yana numfashi da ƙara, numfashin kansa ne ke riƙe da ransa, kuma a tsayar da shi na iya zama ba a dawo da shi ba. Wanda gyaɗa ko ƙwayar kankana ta maƙale masa a hanyar iska ma, likitoci da yawa sun fi son ya riƙa numfashi da kansa har a ga inda ta tsaya. Kaciya da ƙananan ayyuka kuwa galibi ba su ma buƙatar bututu.

Ɗana sikila ne. Akwai wadda ta haramta gare shi?

Babu, Hajiya. Abin da ake kiyaye masa shi ne ƙarancin oksijin da sanyi da ƙishirwa. Idan ciwon ya taɓa ƙodarsa, atrakuriyam ake zaɓa.

Mu iyaye me za mu faɗa wa likita?

Rabin zaɓin a bakinku yake. Ku faɗa idan wani a dangi, na uwa ko na uba, ya taɓa rasuwa ko ya yi zazzaɓi mai tsanani a tiyata, ko ya yi awoyi bai farfaɗo ba, ko da a Mai Wurno ne shekara talatin da suka wuce. Ku faɗa idan yaro ya makara wajen tafiya, yana yawan faɗuwa, yana dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa kafin ya miƙe daga ƙasa, ko sha-raɓarsa ta yi kauri fiye da jikinsa. Ciwon Duchenne ta wajen uwa yake bi, saboda haka idan akwai kawun yaro da ya gurgunce yana saurayi, kada kunya ta sa a ɓoye. Irin wannan yaron ba Scoline kaɗai ake kauce masa ba, har iskar barci. Furofofol ko ketamin ake ba shi.

Ku kawo magungunan da yake sha da kwalayensu, har na gargajiya. Allurar jentamaisin da magniziyam na ƙara wa sakin tsoka tsawo, magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin da kabamazafin in an daɗe ana sha suna gajarta shi. Kuma ku faɗi gaskiyar lokacin da ya ci abinci. Ƙa'idar da aka saba: awa 6 bayan abinci ko madarar gwangwani ko ta shanu, awa 4 bayan nonon uwa, awa 2 bayan ruwa zalla, wasu asibitoci sun mai da na ruwan awa ɗaya. Uwar da ta ba yaro ɗan kunu don tausayi ta faɗa. Ɗaga tiyata da 'yan awoyi ya fi kunu a huhu sauƙi.

An gama tiyata tun ɗazu, an ce yaron bai fara numfashi ba. Me ya faru?

Idan Scoline aka yi masa, mai yiwuwa sinadarin nan na jini da ke farfasa shi ne ya yi ƙaranci. Akwai na gado, kamar mutum ɗaya cikin 3,000, wanda allurar minti biyar kan riƙe shi awa biyu zuwa takwas. Akwai kuma wanda ciwon hanta ko tamowa mai tsanani ke jawowa, da wanda ya fi shafar mu masu noma a Jazira da Rahad: maganin feshin ƙwari yana kashe wannan sinadarin, don haka yaron da ya sha shi ko ya jiƙe da shi a guje masa Scoline. Idan gida na biyu ne, a duba sanyin jiki da aikin ƙoda da hanta da magungunan da aka haɗa masa.

Abin yi ɗaya ne: a bar bututu a wurinsa, a ci gaba da hura iska, a ci gaba da ba shi maganin barci don kada ya farka cikin jikin da ba ya motsi, a ɗumama shi, a jira. Niyostigmin ba ya gyara wannan matsalar ta Scoline. In an yi haka yaron yakan tashi lafiya lau. Kafin a sallame ku, ku nemi a rubuta muku sunan maganin da abin da ya faru a takarda, ku ajiye ta tare da katin rigakafinsa, ku kuma sanar da 'yan uwansa na ciki ɗaya domin a gwada su kafin tasu tiyatar.